Takalmin barci don ciwon diddige: ra'ayina bayan watanni ina kwana da shi

Takalmin barci wani maɗauri ne da ake sa wa ƙafa da daddare don ya hana ta saki, ya riƙe ta a miƙe har gari ya waye. An yi shi ne domin masu ciwon diddigen nan da likitoci ke kira falanta fasiyaitis, wanda duk mai fama da shi ya san alamarsa tun kafin a gaya masa sunansa: sukar da ke tarbar mutum a takun farko bayan ya tashi daga barci. Na daɗe ina kwana da shi, kuma abin da zan ce a kansa shi ne, aiki ɗaya ya iya, ya kuma iya shi sosai. Yana rage azabar safiya. Wanda ya saye shi da tunanin shi kaɗai zai raba shi da ciwon, ransa zai ɓaci, ya jefa shi ƙarƙashin gado ya ce an cuce shi. Ni kuwa ina ganin ba a cuce shi ba, bayani ne ba a yi masa ba.

Koyarwa nake yi, yinina a tsaye yake a kan siminti tsakanin allo da kujerun yara. Ciwon ya fara mini a ƙafar hagu, a hankali, ba faɗuwa ba targaɗe. Da farko in na ɗan taka sai ya lafa, har in manta da shi. Daga baya ya zama sai na dafa bango kafin in kai ƙofar ɗaki, kuma in na zauna duba littattafan yara na ɗan jima, tashin ma sabon ciwo ne. Lokacin da na je wurin likitar fisiyo, wato mai gashin ƙashi da motsa jiki, ta sa babban yatsanta a wuri ɗaya tak, ƙarƙashin diddigen ta ɓangaren ciki, ta danna. Sai da na janye ƙafar. Ta ce, "Malama, nan ne ko?" Na ce, "Nan ne, Likita." Ba ta bukaci hoton ƙashi ba kafin ta gane abin da ke damuna, kuma haka aka saba, labarin ciwon da wannan dannawa su ne ke nuna shi.

Sai an fahimci abin da ke faruwa a ƙafar kafin a ga amfanin takalmin. A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wani tantani mai kauri da tauri, ya taso daga ƙashin diddige ya bazu har gindin yatsu biyar. Shi ke riƙe kwarmin ƙafa kada ta baje idan an taka. Kama babban yatsan ƙafarka ka ɗaga shi sama, ka shafa tafin da ɗaya hannun, za ka ji shi ya miƙe tamau. Inda ya manne da ƙashin diddige, nan nauyi ke taruwa, nan kuma yake gajiya ya yi kauri. A hoton sikanin, idan kaurinsa ya wuce milimita 4 ana ɗaukarsa alamar ciwon. An ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, ya kuma fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, da masu ƙiba, da masu aikin tsayuwa, da masu gudu, da wanda agararsa ta ɗaure har ba ya iya lanƙwasa ƙafa sama sosai.

To, idan mutum ya kwanta, ƙafa takan saki, yatsu su sunkuya, bargo ma ya ƙara danne su. Tantanin da agara da naman sha-raɓa duk su kwana a takure. Gari na wayewa sai ka sauko ka ɗora musu nauyin jikinka gaba ɗaya farat ɗaya. Likitar ta kwatanta mini shi da yanka a gaɓar yatsa, wanda ya fara haɗewa cikin dare, da safe ka lanƙwasa yatsan ya sake buɗewa. Aikin takalmin barci shi ne ya hana wannan takurewa. Yana tsayar da ƙafa da ƙwauri a digiri 90, yadda suke idan mutum na tsaye, saboda takun farko ya tarar da tantanin a miƙe.

Iri uku na gani. Akwai babba mai roba mai tauri, wanda ya taso daga bayan sha-raɓa ya zagayo ƙarƙashin tafin ƙafa, da igiya a kowane gefe da ake ja a ƙara ɗaga ƙafar. Shi ya fi riƙewa, babu tantama. Na gwada shi aro, ban iya barci da shi ba: ga nauyi, ga zafi, in ka juya ya bugi ɗaya ƙafar. Akwai na safa, doguwar safa ce mai igiya daga kan yatsu zuwa ƙasan gwiwa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma yatsu take ja fiye da ƙafar, kuma ni gaɓar babban yatsana ba ta jure ba. Na uku shi ne wanda na zauna a kai, wanda ake ɗorawa ta gaba, daga ƙwauri ya kwanto saman ƙafa, ya bar diddige da bayan ƙafa a buɗe. A kansa nake wannan rubutu.

Ƙirarsa ba ta da wani rikici. A ciki akwai siririn ƙarfen aluminiyam da aka lanƙwasa, wanda ake iya ƙara lanƙwasawa da hannu, an lulluɓe shi da soso da yadi mai laushi. Maɗauri uku ne masu mannewa: ɗaya a sha-raɓa, ɗaya a idon sawu, ɗaya ya zagaye tafin ƙafa daf da yatsu. Ba shi da nauyi, kuma ƙafar dama da ta hagu duk yana shiga. Ɗinkin nawa bai warware ko'ina ba duk da wankin da ya sha, a nan kam na yaba. Ina wanke shi da hannu in shanya a inuwa, domin soson ba ya son zafi.

Inda ake shan wahala shi ne ɗaurin, kuma takardar da ke cikin kwalin ba ta taimaka da komai ba. Zane uku ne da layi biyu. Da ba don na ɗauke shi na kai wa likitar ba, da ban san yadda ake yi ba. Ta zaunar da ni a bakin gado, ta sa na lanƙwasa gwiwa, na kafa tafin ƙafa a ƙasa daram, sannan ta ɗora shi. Ta fara da maɗaurin idon sawu, don shi ne ke hana ƙarfen tashi daga kwanar ƙafa. Sai na sha-raɓa. Na wajen yatsu shi ne na ƙarshe, kuma ta bar shi yadda yatsan hannunta ke shiga ƙarƙashinsa ya fita. Ta ce, "Malama, kada ki ja shi har ki ji zafi. In kin ji ɗan miƙewa, ya isa. Wanda ya matse don ya warke da wuri, cikin dare zai cire ya yar." Ta kuma ce kada in fara da kwana da shi. In sa shi da yamma ina zaune ƙafa a miƙe, in riƙa ƙara lokacin, sai ƙafar ta saba sannan in kwanta da shi. Wannan shawara ita ta sa na ɗore. Dararen farko duk da haka na riƙa farkawa tsakar dare in kwance shi, kuma ba laifi ba ne, rabin dare ma riba ce.

Sakamakon bai zo a dare ɗaya ba. Cikin 'yan makonni na lura na daina neman bango. Sukar nan mai sa mutum ya cije leɓe ta koma tsami, wanda ke bajewa kafin in gama shirin fita. Abin da ya tabbatar mini aikin takalmin ne, duk daren da na yi tafiya na bar shi a gida, ko gajiya ta sa na kwanta ban ɗaura ba, safiyar sai ta tuna mini. Wanda bai taɓa yin wannan ciwo ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Amma tashi da fargabar sauke ƙafa kullum yana ɓata wa mutum yininsa tun bai fara ba, ya sa shi saurin fushi da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Rage wannan kaɗai ya isa in ce takalmin ya biya ni.

Ga kuma laifuffukansa, don yana da su. Babba shi ne maɗaurin wajen yatsu. Tunda daga sama yake jan ƙafar, duk ƙarfin jan a wannan maɗauri yake taruwa. In ya ɗan matse, sai ka farka yatsu sun yi dindiris, ƙaramin yatsa ya yi ja, shatin maɗaurin ya fito a fata. In ka sassauta da yawa, ƙafar ta zame ta koma yadda take so, ka kwana da shi a banza. Tsakanin biyun nan tazarar kaɗan ce, kuma kowane dare sai ka sake nemo ta. Abin da ya yi mini magani shi ne siririyar safar auduga, da ɗan ƙyalle da nake ninkewa in sa a gefen ƙaramin yatsa. Ƙarfen ma yana buɗewa a hankali saboda ƙafa na tura shi dare bayan dare, don haka lokaci-lokaci nakan ɗora shi a gefen tebur in duba ko kwanar tana nan, in mayar da ita da hannu. Wanda bai san da wannan ba zai ga takalmin ya daina aiki bai san dalili ba.

Abin mannewar yana kama zanin gado, yana tara zare da gashi har ƙarfinsa ya ragu, sai an bi shi da tsohon buroshi an tsefe. Ƙarar ɓare shi cikin dare kuma takan tashi maigidana. Mai kwanciya rub da ciki zai sha fama, sai dai ya bar ƙafar ta leƙo daga ƙarshen katifa. Ni a gefe nake kwanciya, matashi tsakanin gwiwoyi, ƙarfen bai dame ni ba. Sannan ba a yi shi don tafiya ba. Ko banɗaki za ka cikin dare, kwance shi, domin safa a kan tayil santsi gare ta, ga ƙafa ba ta lanƙwasuwa, ga magagin barci. Girmansa kuma da lambar takalmi kawai suka auna, ba su kula da kaurin sha-raɓa ba. Wata abokiyar aikina mai jiki ta gwada irinsa, lambar ƙafarta daidai, maɗaurin sama bai zagaye ba. Masu ƙiba kuwa suna cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa, ya kamata a ce su aka fara tunawa.

Abin da bai taɓa ba kwata-kwata shi ne ciwon yamma. Bayan yinin tsayuwa diddigen kan yi zugi mai nauyi, wani irin ciwo daban da na safe, kuma takalmin barci bai rage shi ba ko kaɗan. Wannan sai da motsa jiki ya shigo. Iri biyu likitar ta ba ni, kuma ina ganin duk wanda zai sayi takalmin ya kamata ya san su, domin ba su cin ko sisi.

Na farko shi ne miƙe tantanin kansa. Kana zaune, ka ɗora ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar, ka kama yatsun duka ka ja su baya wajen ƙwauri, har ka ji tantanin ya yi tauri a ƙarƙashin ɗaya hannun. Ka riƙe daƙiƙa 10, ka saki, sau 10, sau uku a yini, kuma mafi muhimmanci ka yi shi kafin ka sauke ƙafa daga gado. Wani bincike da DiGiovanni da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2003 ya nuna wannan ya fi miƙe agara kaɗai amfani ga masu daɗaɗɗen ciwon. Ni da na kwance takalmin sai in yi shi nan take, su biyun tare suke tafiya.

Na biyu ya fi wuya, kuma shi na fi yi wa godiya. Ka naɗe tawul ka ajiye a bakin matakala, ka ɗora yatsun a kansa yadda za su ɗago sama, diddige a waje yana reto. Ka tashi a kan ƙafa ɗaya a hankali cikin daƙiƙa 3, ka tsaya 2 a sama, ka sauko cikin 3. Yau ka yi, gobe ka huta. In ƙarfi ya samu, sai ka goya jaka da littattafai a ciki don ƙara nauyi. Wannan tsari daga binciken wani masani mai suna Rathleff ne a ƙasar Danmak, da aka buga a 2015, inda waɗanda suka bi shi suka fi masu miƙewa kaɗai samun sauƙi a wata 3, ko da yake a wata 12 duka ɓangarorin sun yi daidai. Ni da ƙafa biyu na fara, ina riƙe da ƙarfen bene, domin ɗaya ba ta ɗauke ni ba. Sai da wannan ya zauna a jikina na ga ina gama darasin ƙarshe ban nemi kujera ba.

Na kuma sa shimfiɗa mai tallafa wa kwarmin ƙafa a cikin takalmin aiki, na daina yawo ba takalmi a kan tayil ko a cikin gida, na rabu da silifas marasa tudu. Shimfiɗar ta kanti ce, ba wadda ake auna ƙafa a ƙera ba. Binciken wani masani mai suna Landorf a Ostireliya a 2006 ya tarar da ta kantin da ta aunawa kusan aiki ɗaya suka yi, kuma amfanin nasu na 'yan watannin farko ne. Gorar ruwa mai ƙanƙara da ake murzawa a ƙarƙashin ƙafa tana sanyaya zugin yamma na ɗan lokaci, iyakarta ke nan. Maganin kashe zafi irin ibuprofen na sha shi jefi-jefi, ban mayar da shi na kullum ba, saboda illarsa ga ciki da ƙoda, kuma wani bincike daban da aka yi a kan naman tantanin a 2003 ya nuna a daɗaɗɗen ciwo lalacewa ce ta fi yawa, ba kumburi ba. Allurar sitiroyid, wadda ake yi a diddigen don kashe kumburi da zafi, an yi mini tayinta na ce a dakata. Sauƙinta yawanci na makonni ne, ga haɗarin tsinkewar tantanin ko zaizayewar kitsen da ke kare diddige idan aka maimaita.

Game da shi kansa takalmin barcin, hujjar masana ba ta taru a wuri ɗaya ba, kuma ya dace mai saye ya san haka. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka na 2014 sun ba da shawarar a yi amfani da shi wata 1 zuwa 3 ga wanda kullum yake jin ciwo a takun farko na safe. Wani bincike na 1998 a kan waɗanda ciwonsu ya haura wata 6 ya ga sauƙi sosai. Wani kuma na 1999 bai ga wani ƙarin amfani ba da aka haɗa shi da miƙewa da magani da gyaran takalmi. A Suwidin, a 2006, an tarar bayan shekara guda kusan duk waɗanda aka ba takalmin barci sun ajiye shi, alhali yawancin masu shimfiɗa suna nan suna sa abarsu. Wannan na ƙarshe bai ba ni mamaki ba, barci da ƙarfe a ƙafa ba abin so ba ne. Akwai kuma abin da ba zan ɓoye ba: mafi yawan masu wannan ciwo, kimanin 8 cikin 10 ko fiye, suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Don haka ba zan ɗora warkewata duka a kan takalmin ba. Abin da na tsaya a kai shi ne bambancin safiyar da na kwana da shi da wadda ban kwana da shi ba, wannan kam a ƙafata na ji.

Wa ya dace ya saya? Wanda babban kukansa safiya ce, ciwon ya ja watanni, ya gyara takalmi yana kuma miƙewa amma takun farko bai sassauta ba. Wanda ciwonsa sabo ne ya fara da miƙewa da rage tsayuwa tukuna, wataƙila ma ba zai kai ga bukatarsa ba. Mai ciwon suga kuwa, ko wanda jini ba ya gudana sosai a ƙafarsa, ko wanda ba ya jin taɓi a yatsu, kada ya ɗaura sai da izinin likita, domin maɗaurin zai iya cin fata ya kwana bai sani ba, kuma gyambo a irin wannan ƙafa babban al'amari ne. Haka nan ba kowane ciwon diddige ne wannan ba. In akwai kumburi da ja, ko raɗaɗi da dindiris masu bin tafin ƙafa, ko ciwon da ke tashin mutum cikin dare yana kwance, ko zafi in an matse ƙashin diddigen ta gefe da gefe, ko matashi ne diddige biyu na ciwo ga ƙugu na sandarewa da safe, a je a duba kafin a sayi komai. Wanda aka nuna masa ɗan tsiron ƙashi a hoton diddigensa kuma kada hankalinsa ya tashi, mutane da yawa suna da shi ba su jin komai, kuma ba sai an cire shi ake warkewa ba.

Yanzu na daina kwana da shi kullum. Na riƙa tsallake dare ɗaya, sannan biyu, kamar yadda likitar ta tsara, sai dai lokacin jarrabawa da tsayuwa ke yawa nakan ɗauko shi na 'yan kwanaki. Da masu ƙera shi za su ji ta bakina, abu uku zan roƙa: su faɗaɗa maɗaurin wajen yatsu su ƙara masa soso, su yi na masu kaurin sha-raɓa, sannan su cire hoton mai gudu yana dariya da ke jikin kwalin su sa cikakken bayanin yadda ake ɗaurawa da motsa jikin da ya kamata a haɗa da shi.